Daga Askar Wanzami Zuwa Ɗakin Tiyata: Jinyar Miki da Ciwon Daji a Ƙasar 'Yankara, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara

Gabatarwa

Garin 'Yankara yana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Tsafe da Gusau, dab da iyakar Jihar Katsina da Jihar Zamfara. Shi da ƙasashen Sabuwa da Ƙanƙara kusan abu ɗaya ne ta fuskar noma da kasuwanci da auratayya, wato ƙasar masara da dawa da auduga, sai kuma waken suya da ya shigo daga baya. An sha yin rubutu a kan sarautun wannan yanki da kasuwanninsa. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne yadda mutanensa suka yi ta fama da miki tun zamanin kaka da kakanni, da kuma yadda wata tsohuwar magana ta rayu har ta iso zamanin asibiti, wato faɗar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan maƙala za ta bi sawun maganar, domin har gobe tana hana mutane zuwa asibiti, kuma tana fitar da waɗanda suka je tun ba a gama yi musu aiki ba.

Masu aikin miki kafin zuwan Turawa

Bahaushe bai taɓa ɗaukar miki abu guda ba. Akwai rauni, wanda sara ko suka ko faɗuwa ke jawowa. Akwai ƙurji da maruru masu tara mugunya su fashe. Akwai ƙuna. Sannan akwai gyambo, wato mikin da ya ƙi warkewa, galibi a ƙwauri ko idon sawu, wanda mutum kan yi shekaru yana ɗaure shi da tsumma yana korar ƙuda. Kowanne da mai duba shi. Karaya da targaɗe na maɗori ne. Cibiyar jariri da jikin mai jego na ungozoma ne. Duk abin da ya shafi aska kuwa, kamar kaciya da ƙaho da tsaga da cire beli da fasa maruru, aikin wanzami ne, kuma a manyan garuruwa wanzamai suna da shugabansu, Sarkin Aska. Idan kumburi ya yi zurfi akan yi sakiya, a sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a huda wurin domin mugunya ta fita.

Wanda yake son ya gane ilimin mutanen da a kan miki, to ya dubi sha'anin kaciya. Ba a yin ta sai da hunturu, lokacin da iska ta bushe, ƙuda ya ragu, kuma rumbu yana cike. Ana barbaɗa garin bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita, domin tana tsotse ruwa tana ɗaure tsoka. Ana keɓe yaran, a hana su guje-guje. Abin da ya fi muhimmanci, ana ciyar da su kaji da nama da fura fiye da yadda suka saba. Wanzamin bai san sunan sinadarin gina jiki ba, amma ya san yaron da ya ƙoshi ya fi saurin tashi. Ban da bagaruwa, an yi amfani da zuma da man kaɗanya da lalle da saƙe-saƙin itatuwa irin su marke da maɗaci da sabara.

Ba duka ne alheri ba. Toka da ƙasa da kashin dabbobi da wasu ke shafawa a miki ko cibiya sun kashe mutane da yawa ta hanyar cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe muƙamuƙi, wadda asibiti ke kira tetanus. Aska ɗaya kuma takan zagaya yara goma ba a dafa ta ba.

Akwai ciwo guda da wanzami mai hankali yake janye hannunsa daga gare shi, shi ne daji. Sunan da kansa ya nuna inda aka ɗauka ciwon yake fitowa, wato daga dawa da iskokinta, saboda haka sai a tura mai shi wurin boka ko malami. Sai dai kalmar ta tattara cututtuka masu yawa. Kumburin ƙafa mai zafi da ja, da ƙurjin mama na mai shayarwa, da sankara ta gaskiya, duk akan ce musu daji. Na farko da na biyu sukan warke da kansu ko da ɗan taimako, sai mai magani ya sami suna. Na ukun kuwa idan aka tsaga shi ba ya rufewa, sai ya buɗe baki ya yi ta ci. Wanzaman da suka ga haka sau da yawa su ne suka bar wa 'ya'yansu wasiyyar kada a sa wa daji ƙarfe. A zamaninsu, kuma da irin kayan aikinsu, wannan shawara daidai ce.

Zuwan asibiti

Maganin Turawa ya iso wannan yanki ta fuska biyu. Ta arewa akwai asibitin En'e na birnin Katsina, wanda ya kafu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944), da ɗakunan shan magani da aka riƙa buɗewa a garuruwan hakimai. Ta kudu kuma akwai Zariya, inda 'yan mishan suka kafa asibiti a Wusasa, garin da ya fitar da Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai fuskar mutanen kudancin Katsina ta ƙara karkata Zariya, ga ciniki ga neman magani.

Babban aikin malamin asibiti na ƙauye a wancan lokaci wankin miki ne. Dattawa suna tuna layin masu gyambo da masu kurkunu da sassafe, da warin aidin, da bandejin da ake wankewa a sake amfani da shi. Ruwan wankin da aka fi sani, mai suna EUSOL, an haɗa shi ne a Jami'ar Edinbara a 1915 domin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu allurar fenisilin ta bazu. Ita ce ta sa mutane suka yarda da allura, domin sun ga miyagun ƙuraje sun bushe cikin kwanaki. A ganina wannan nasara ta zo da nata lahanin: an saba da cewa maganin asibiti aiki ne na sha yanzu magani yanzu, saboda haka da aka zo ga ciwon da jinyarsa ke cin wata shida ko shekara, sai haƙuri ya gaza.

Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a 1962, ta buɗe sashen koyon likitanci a 1967, kuma ɗalibanta da malamanta sun yi aiki a asibitin Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, inda aka gudanar da babban bincike a kan cututtukan karkara a shekarun 1970. A wannan ƙasa ta Malumfashi ne kuma masana irin su Murray Last da Lewis Wall suka zauna suka nazarci maganin Hausawa. Likitocin Zariya sun riƙa ganin wani abu da ya gaskata tsoron mutanen da: tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara goma ko ashirin yakan rikiɗe ya zama sankarar fata. Wani likitan Faransa mai suna Marjolin ya bayyana irin wannan miki tun 1828, kuma da sunansa ake kiran sa. Ashe gyambo da daji suna da dangantaka, ko da yake ba ta iskoki ba ce.

Asalin allurar daji

Maganin da ake kira kemo bai tsufa ba. An fara gwada shi a Jami'ar Yale ta Amurka a 1942, daga dangin wata iskar guba da aka yi yaƙi da ita, bayan an lura tana rage fararen ƙwayoyin jini. A 1948 Sidney Farber na birnin Boston ya ba da rahoton yaran da sankarar jininsu ta lafa da wani magani. Afirka ma tana da hannu a wannan tarihi. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a Yuganda, ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda ake samu a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, har da ƙasar Hausa. A Ibadan, Farfesa Victor Ngu ya yi ta jinyar irin waɗannan yara da magani, kumburin yana narkewa cikin makonni, abin da ya sa yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma mazauninsa na Shika a 2005. Shika tana kan hanyar Funtuwa, kafin a shiga Zariya, saboda haka ga mutumin 'Yankara ko Sabuwa ta fi masa birnin Katsina kusa, wanda ke da nisan kusan kilomita 200 daga Funtuwa. Can ne mafi yawan masu sankarar mama da ta mahaifa da ta hanji daga wannan yanki suka riƙa zuwa neman tiyata da kemo da gashi.

Abin da ke hana mikin tiyata rufewa

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin malaman makaranta su sami abin da za su bayyana wa jama'a. Idan aka yanka jiki, da farko jini yakan daskare ya toshe wurin. Daga nan fararen ƙwayoyin jini su taru su share datti da ƙwayoyin cuta, shi ya sa wurin ke yin ja da ɗumi na 'yan kwanaki. Sai sabuwar tsoka ja mai kama da tsakin gero ta fara tsirowa daga ƙasa, fata kuma ta riƙa rarrafowa daga gefe, aikin da ke cin kimanin mako uku. Bayan haka tabo yakan yi wata da watanni yana ƙarfafa, kuma duk ƙarfinsa ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na fatar asali.

Dukkan wannan aiki ya dogara ne ga ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. To, kemo kuwa an yi shi ne domin ya kashe masu saurin hayayyafa, tunda haka sankara take. Ba ya bambance na ciwo da na lafiya. Shi ya sa gashin kai ke zubewa, baki ke fashewa, ɓargo kuma ya rage fitar da jini. Fararen ƙwayoyin jini sukan yi ƙasa ƙwarai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura, sannan su farfaɗo, abin da ya sa ake yawan jera allurar duk bayan kwana 21. Mikin da ya gamu da wannan faɗuwa yana ɗanye ba shi da masu gadi, ba shi da magina.

Saboda haka likitoci suke auna lokaci. Bayan tiyata akan jira mako uku zuwa shida kafin a fara kemo. Idan kemo aka fara yi domin ƙullutun ya ragu, akan jira mako uku zuwa huɗu bayan allurar ƙarshe kafin a sa wuƙa. Akwai wani magani mai suna bevacizumab, wanda ya fito a 2004, mai hana sababbin jijiyoyin jini tsirowa, shi kam sai an ba da tazarar aƙalla kwana 28 tsakaninsa da tiyata. Matsalar ita ce jiran ma yana da iyaka. Idan miki ya ruɓe aka yi ta ɗaga kemo har wata uku ya wuce, amfanin maganin yakan ragu, ciwon ya sami sarari. Wato likita yana tsakanin abu biyu ne, kowanne da haɗarinsa.

Ga mutanenmu akwai ƙarin nauyi. Yawancin mata ba sa isa asibiti sai ƙullutun mama ya girma, wani lokaci ya riga ya fashe, an kuma yi masa tsaga da shafe-shafe. Cire irin wannan yakan tafi da fata mai yawa, ɗinki ya ɗaure tamau, ko ma a ɗebo fata daga cinya a dasa. Ga ƙarancin jini, ga rama, wani kuma ga ciwon suga da bai san yana da shi ba. Fatar da aka yi wa gashi ita ma ba ta saurin haɗewa. Idan ɗinkin ya buɗe, sai dangi su dubi juna su ce ai dama an faɗa, daji ba ya son ƙarfe. Alhali ba wuƙar likita ce ta tayar da ciwon ba. An kai shi ne a makare, ga jiki a raunane. Matar da aka cire wa ƙullutu yana kamar ƙwallon goriba ko ƙasa da haka, galibi mikinta yakan rufe cikin mako biyu zuwa uku, sai dai ita ba a ba da labarinta a gidan biki, domin ba wanda ya ga abin tsoro.

Zuma, gishiri da abinci

Ilimin wankin miki shi ma ya sauya. Da can ana ganin gara miki ya bushe ya yi ɓawo. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa fata ta fi saurin rufe wurin da aka bari da ɗan danshi a rufe. Daga baya aka gane cewa ruwan wanki masu zafi, irin su EUSOL da mai kumfar nan, suna ƙona sabuwar tsoka tare da ƙwayoyin cuta, sai aka fi karkata ga ruwan gishiri na asibiti. A shekarun 1990 aka fito da na'ura mai zuƙe ruwan miki ta cikin soso, wadda ke taimaka wa manyan raunuka, amma tsadarta ta sa ba kowa ke samu ba. Mikin da ke wari kuma akan sa masa maganin nan Flagyl, warin ya ragu, mai jinya ya iya zama cikin mutane. Wanda bai taɓa zama ɗaki ɗaya da irin wannan miki ba ba zai san girman wannan rahama ba.

Abin sha'awa shi ne yadda zuma ta dawo. Musulmi sun daɗe da sanin ambatonta da waraka a Suratun Nahli, kuma wanzamai sun yi aiki da ita. A 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya buga sakamakon jinyar mutum 59 masu raunuka da gyambunan da yawancinsu suka gagari maganin asibiti. Ya sa musu zuma, 58 suka sami sauƙi. Zuma tana janye ruwa daga ƙwayoyin cuta, tana da ɗan tsami, kuma tana fitar da wani sinadari mai kashe su a hankali. Yau ana amfani da ita a asibitocin Nijeriya da na Turai. Amma a yi hattara. Ta Turai an tace ta an kashe duk abin da ke cikinta. Ta kasuwa kuwa wata an haɗa ta da sukari, wata da ƙura da gawar ƙudan zuma. Mai shan kemo, wanda garkuwar jikinsa ta faɗi, bai kamata a sa masa kome a miki ba sai da sanin likitansa. Haka kuma idan zazzaɓi ya kama shi har ma'auni ya kai 38, ba a kwana da shi a gida ana jiƙa saƙe-saƙi, ko da tsakar dare ne.

Sai batun abinci, inda muka yi baya maimakon gaba. A gidaje da dama ana hana mai miki ƙwai da gyaɗa da madara, wai suna sa mugunya. Mugunya ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Tsoka kuwa ba ta ginuwa sai da irin waɗannan abinci. Abin mamaki, al'ummar da ta san a yanka wa ɗan kaciya kaza, ta san a yi wa mai jego kunun kanwa da gasasshen nama, ita ce ke barin wadda aka yanke wa mama da koko da ruwan tuwo. Ga wake, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga zogale, ga nono, duk a ƙofar gida.

Hanya da kuɗi

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, jinya a asibitin gwamnati ta koma sai da kuɗi: majinyaci ne ke sayen auduga da safar hannu da ruwan wanki da allurar kemo kanta. Iyali sukan sayar da amfanin gona, su sayar da tumaki, wani lokaci har gonar. A yi tiyata, a yi allura biyu ko uku cikin shida, kuɗi su ƙare, a dawo gida. Cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 sun ninka kuɗin mota da na magani.

A kan wannan kuma sai ga rashin tsaro. Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba. A watan Yuni na 2020 aka kai mummunan hari Kadisau ta ƙasar Faskari, a watan Disamba na shekarar kuma aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka taƙaita sayar da fetur da cinikin dabbobi a kasuwanni, ba a maido da waya ba sai a ƙarshen shekarar. Miki yana bukatar wanki kullum ko bayan kwana biyu, kemo kuma yana da ranarsa. Mai jinyar da ke ƙauye a wancan lokaci ba shi da hanyar kiran likita, ba shi da inda zai sayar da akuya, babur ɗin da zai fitar da shi titi ma babu mai. Ma'aikatan lafiya da yawa sun bar ƙauyuka sun koma Funtuwa da Malumfashi. Da yawan iyalai sun gwammace su kama ɗaki a Shika ko Samaru, ko su raɓa da dangi a Funtuwa har a gama allurai, wanda shi ma wani kashe kuɗin ne.

Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta kiyasta cewa sama da mutum 120,000 ne suka kamu da ciwon a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, kuma sankarar mama ce kan gaba. Gwamnatin Tarayya ta buɗe wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitin Shika yana cikin asibitoci shida da aka fara da su. A 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiyar jinyar sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Wannan ya ba mutanen jihar wuri na biyu. Sai dai ko a Katsina aka yi aikin ko a Shika, bayan sallama majinyaci gida zai dawo, kuma wankin mikinsa zai koma hannun ma'aikacin ƙaramin asibitin 'Yankara ko Sheme ko Sabuwa, da 'yar da ke kwana da shi a ɗaki, waɗanda galibi ba wanda ya rubuto musu irin allurar da aka yi masa da ranar da jininsa zai faɗi.